Kifin Da Na Hana Nuna

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo cewa na cika nawa, ku yi haƙuri. Hannuna ba ya sauri a rubutu, kuma wurin da muka zo yanzu, ko da baki ba na iya faɗarsa da gaggawa.

Mun tsaya a ranar Talatar da yayata Gunnvor ta tafi aikin yamma a kamfanin yankan kifi, ta bar mini 'yarta Tuva mai wata bakwai. A bakin ƙofa abu ɗaya ta ce mini: ko me zai faru, kada in bar Torgrim ya taɓa yarinyar. Torgrim shi ne uban Tuva. Amma tun ranar da ya karya ƙofar banɗaki da kafaɗa, Gunnvor na ciki da tsohon ciki, kotu ta ce ba zai ga 'yar ba sai da ma'aikaciyar gwamnati a zaune. Ya bar tsibirinmu ya koma gari, muka ce mun huta.

To.

Na ba Tuva madararta, na sa mata kayan ulu, na zura ta cikin jakar barcinta ta fatar tunkiya, na kwantar da ita a kekenta na jarirai na tura shi waje ƙarƙashin tagar kicin. A nan take barcin la'asar kullum, kamar yadda ni da Gunnvor muka yi a gindin wannan tagar muna jarirai. Sanyi ya fi sa ta barci mai nauyi. Na ajiye 'yar na'urar jin motsi kusa da kanta, ɗaya ɓarin na dawo da shi kan kantar kicin.

Na fito da ɓarin kifin salmon da aka raba mana a gonar kifin da nake aiki. Na shimfiɗa shi a faranti, fatar a ƙasa. Na dama zuma da mustad da tafarnuwa, na matsa lemon tsami, na barbaɗa gishiri. Girkin ranar aiki ne. Ka shafe, ka tura cikin obin ya gasu, kafin ka gama wanke kwanon da ka dama a ciki ya nuna.

Ina shirin fara shafawa na'urar ta yi ƙara.

Na ce a raina juyi ta yi.

Sai na ji numfashi. Ba na jariri ba.

"Shhh. 'Yar Baba. Kin girma fa."

Na leƙa ta taga. Keken yana nan inda na bar shi. An yaye ragar da ke kansa. Babu kowa a ciki.

Kafin in kai ƙofa, ƙofar ta buɗe.

Torgrim ya shigo, Tuva a ƙirjinsa cikin jakarta, tana ta barcinta. Ya tura ƙofar da diddige. Na kalli ƙafarsa. Bai cire takalmi ba. A gidanmu ko likita ya zo sai ya cire a bakin ƙofa. Shi kuwa ya tako har tsakiyar kicin da laka a ƙafa, na gane ba zama ya zo yi ba.

"Kawu Eilif," ya ce. "Ashe yau kai ne matar gidan."

"Yaya Torgrim. Sannu da zuwa."

Haka bakina ya faɗa, ban san daga ina ya fito ba.

"Kawo ta in mayar, ba ta gama barcin ba."

"Tana barcinta ai. Ka ga ta motsa?"

"Sanyin waje ta saba da shi. A nan za ta yi zufa."

"Yanzu za mu koma wajen. Ina jakar kayanta? Madara, nafkin, ka dai sani."

"Ina za ku?"

"Yawo."

Na kalli wayata a kan tebur. Kallo ɗaya kawai na yi mata. Ya miƙa hannu ya ɗauke, ya jefa a aljihun rigarsa.

"Zan riƙe maka. Kada zuma ta ɓata ta."

Wanda bai san Torgrim ba, damtsensa ɗaya ya kai cinyata. Ni kuma tun muna makaranta ban taɓa dukan kowa ba, ni ake duka. Tsibirinmu ba ɗan sanda, sai an kira daga gari. Gidan da ya fi kusa da namu yana bayan tudu. Ko ihu na yi, tumaki ne za su ji.

Abu ɗaya ne ya zo mini. Jirgin fito na ƙarshe ya kusa tashi. Idan ya tashi babu shi, ya maƙale a tsibirin nan har safiya, kuma jim kaɗan bayan haka Gunnvor za ta tashi daga aiki, abokan aikinta su sauke ta a mota.

In riƙe shi kawai. Ban da ƙarfi, ban da baki. Sai kifi.

"Ka ci abinci?" na ce.

Ya kalle ni kamar na yi masa wani yare.

"Kifi ne. Yanzu zan sa. Ka san ba ya daɗewa."

"Ba cin abinci ya kawo ni ba, yaro."

"Na sani. Amma ai sai na haɗa mata kaya, na dama madarar hanya, ta huce. Kafin nan ya nuna."

 Idonsa ya riga ya sauka kan farantin. Torgrim ya yi shekaru yana kuku a babban jirgin kamun kifi, kuma ba ya iya ganin girkin wani ya yi shiru. Ko a gidan biki sai ya shiga kicin ya gyara wa mutane miya.

Ya matso. Ya leƙa kwanon.

"Mene ne wannan?"

"Zuma da mustad."

Ya lakata da ɗan yatsa ya ɗanɗana. Ya yatsine fuska.

"Alewa kake haɗawa ko abinci? Wa ya koya maka?"

"Ni na koya wa kaina."

"Ai da gani. Ƙara lemon. Ƙara. Kai, matse shi mana, ba yankan ƙauna zai yi maka ba."

Na matse. Ƙwallon lemon ya faɗa ciki, na tsaya ciro shi a hankali da cokali.

"Kuma ba a shafe shi duka lokaci ɗaya. Rabi yanzu, rabi in ya kusa fita. In ba haka ba zumar ta ƙone, ka ci gawayi."

"Zo ka yi da kanka mana, Yaya. Ka fi ni iyawa. In riƙe maka ita."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa don kada ta farka.

"Eilif, Eilif. Wayonka tun daga nesa ake hango shi, kamar fitilar bakin teku. Shafa kawai."

Ya ja kujera da ƙafa ya zauna, Tuva a hannun hagu. Ya zauna dai. 

Na shafa rabi. Na tura farantin cikin obin. Da na miƙe, na tsaya jikina ya kare maɓallin, na murɗa shi baya har ya kusa mutuwa. Fitilar ciki tana nan a kunne, kifin yana sheƙi kamar ana gasa shi.

Na je kwandon dankali na zaɓo manya-manya, waɗanda suka fi dunƙulen hannuna. Na zuba su a ruwan sanyi ɗungurungum.

"Yanka su mana. Haka sai gobe."

"Gunnvor ba ta so a yanka."

"Gunnvor ba ta son abubuwa da yawa."

 Na ɗauko jakar kayan Tuva na ɗora a kan kantar kicin. Na ninke riga, na warware, na sake ninkewa. Na nemi safar da na san tana cikin aljihun jakar, na duba ko'ina ban da nan. Ta taga ina ganin duhu yana saukowa, a watan nan ba ya jiran kowa. Iska ta fara kaɗa ragar keken da babu kowa a cikinsa.

"Har yanzu kana gonar kifin?" ya ce.

"Ina nan."

"Kana watsa musu abinci kamar kaji."

"Na'ura ce ke watsawa. Ni dubawa nake."

"Sun ba ka matsayi ke nan. Mai kallon kifi."

Na yi murmushi don ya ci gaba. Duk zagin da zai yi, ya yi, in dai yana zaune.

Sai Tuva ta farka.

Ta buɗe ido ta ga gemu, ta ga fuskar da ba ta sani ba. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa. Ta juya ta hango ni, ta fito da hannu ɗaya daga jakar ta miƙo, sannan ta fasa kuka.

"Haba, haba, Baba ne. Baba ne."

Ya fara jijjiga ta. Da ƙarfi yake yi, irin na wanda bai saba ba, kanta yana gaba yana baya.

"A hankali, Yaya. Tallafe mata wuya."

"Kada ka koya mini riƙon 'yata."

"Ba koya maka nake ba. Zafi take ji. Buɗe mata jakar kaɗan."

Ya ja zif ɗin. Kukan bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa. Na ga jijiyar gefen goshinsa ta tashi. Na san wannan jijiyar. Ranar ƙofar banɗaki ma na gan ta.

Ya waiga yana neman abin da zai rufe mata baki. Ragowar haɗin zumar yana kan tebur. Ya tsoma yatsa, ya ɗago yana ɗiga, ya nufi bakinta.

Ban san lokacin da na tsallake kicin ɗin ba. Na tsinci kaina riƙe da wuyan hannunsa da hannu biyu.



Ya kalli hannuna. Ya ɗago ya kalle ni. Da na matso haka, na ji warin. Ya sha alewar na'a-na'a da yawa don ya rufe shi, amma yana nan a ƙasa. Giya ce.

"Ni ka taɓa?"

"Zuma ce, Yaya."

"Na san zuma ce. Sake ni."

"Ba a ba jariri zuma sai ya shekara. Ko lakata. Akwai wata cuta a ciki da hanjinsu ba ya iya kashewa. Tana shanye musu jiki, har numfashi. A asibiti suka gaya wa Gunnvor, ina wurin."

Bai motsa ba. Zumar ta gangaro ta bi yatsansa ta sauka a kan nawa.

"Kana wurin," ya ce.

"Ina wurin."

Ya fizge hannunsa. Na ɗauka mari ne zai biyo, har na runtse ido. Sai na ji yana goge yatsan a wandonsa. Ya goge, ya sake gogewa, ya duba ƙarƙashin farce.

"Ni wa ya gaya mini? Wa zai gaya mini? Kai da ba ka ajiye ko mage ba ka san abin da 'yata ke ci, ni ban sani ba."

Na ɗauko kwalbar madara na miƙa masa. Ya karɓa. Na gyara masa gwiwar hannu da yatsa ɗaya, ya bar ni. Tuva ta kama, tana sha tana shessheƙa, idonta a kaina.

 Ruwan dankali ya fara motsi.

Sai na ga ya ɗaga hanci.

Ya shaƙa. Ya sake shaƙa.

"Eilif."

"Na'am."

"Ina ƙamshin?"

"Wane ƙamshi?"

"Zuma da tafarnuwa a cikin wuta, tun ɗazu, kuma kicin ba ya ƙamshin komai sai jiƙaƙƙen ulu?"

Ya miƙe da yarinyar da kwalbar da komai. Ya zo ya tsaya a gabana har sai da na matsa. Ya kalli maɓallin. Ya buɗe ƙofar obin da gwiwa, ya kara fuska. Kifin yana nan ɗanye, ja kamar yadda na sa shi.



"Obin ɗin yana wasa wani lokaci," na ce.

"Obin ɗin."

"Tsoho ne."

Ya murɗa maɓallin har ƙarshe. Na jira ihu, na jira ya ɗauki jaka ya fice. Sai ya koma ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Ka ce in ci abinci. To zan ci. In ya fara kumfa a gefe, ka shafa ragowar."

Wannan ya fi ba ni tsoro a kan ihu. Mutumin da jirgi zai bari ba ya miƙe ƙafa. Amma na ce wa kaina wataƙila giyar ce ta ɓatar masa da lissafi, na riƙe wannan da hannu biyu.

Ba a jima ba ƙamshin ya cika gidan. Gefen kifin ya fara tafasa, zumar tana yin duhu. Na shafa ragowar, na mayar, na fito da shi yana walƙiya. Dankalin bai nuna ba, cikinsa tauri. Na zuba masa haka.

Ya ci da hannu ɗaya. Ya ɓare kifin da gefen cokali mai yatsu, ya duba cikinsa.

"Ka ga? Haka ake so. Ba ka da laifi in an tsaya a kanka."



"Ta gaya maka yau ce ranarta ta ƙarshe a kamfanin?" ya ce yana tauna.

"Wa?"

"Yayarka."

"Ba ranarta ta ƙarshe ba ce."

"Ina motarta?"

"Ta sayar. Ta ce tana cin mai."

"Ina takalman tsere a ƙanƙara da ke rataye a soro? Ina keken ɗinkinta?"

 Takalman ta ba 'yar maƙwabta. Keken ɗinkin ta ce ta kai gyara.

"Chile za ta tafi," ya ce. "Gonar kifi ta can ta ba ta aiki, da gida, da mai reno. Ranar Juma'a. Ita da 'yata. Ka taɓa duba inda Chile take? Ƙasan duniya. In ka wuce ta sai ƙanƙara."

"Ƙarya ne."

"Hau sama ka leƙa ƙarƙashin gadonta. Zan jira ka."

Ban hau ba. Ba don na ƙi barin Tuva kawai ba. Na tuna daren jiya Gunnvor ta tsaya a bayana ina wanke-wanke, ta rungume ni ba dalili, ta ce na iya girki yanzu, ba zan mutu da yunwa ba.

"Kai ma ba ta gaya maka ba," ya ce a hankali. "Kai da kake tashi da asuba ka ɗumama madara. Za ka dawo daga aiki ka tarar da gida wayam. Ni aƙalla an gaya mini a fuska cewa ba a so na."

"Wataƙila tsoro take ji."

"Na wa?"

Na kalli faranti.

A daidai nan jirgin fito ya busa ƙahonsa. Doguwar busa, irin wadda yake yi in ya saki igiya. Ta ratso tudu ta shigo kicin.

Ban iya ɓoyewa ba. Numfashin da na riƙe tun shigowarsa ya fita da ƙara, kafaɗuna suka sauka.

Torgrim ya cinye lomar ƙarshe. Ya ajiye cokali a gefen faranti, daidai, kamar yaron da aka yi wa tarbiyya.

"Na gode da abinci," ya ce.

"Jirgin ya tashi, Yaya."

"Na ji."

"Ka kwana a nan. Zan shimfiɗa maka a falo. In Gunnvor ta dawo ku yi magana, ni ma ina da abin tambayarta."

Ya miƙe. Ya ja zif ɗin jakar Tuva har wuya, ya sa mata hula.

"Wa ya ce maka da jirgin fito na zo?"

Ya rataya jakar kayan a kafaɗa ya buɗe ƙofa. Iska ta shigo ta kaɗa labulen kicin.

Na bi shi. Ban tsaya neman riga ba, silifas ɗin gida ne a ƙafata. Bai nufi hanyar mota ba. Ya bi ƙaramar hanyar da ke gangarawa bayan gidanmu zuwa tsohuwar gadar katako, inda Baba yake ɗaure kwale-kwalensa kafin ya rasu.

"Yaya, dubi ruwan. Dubi farin kumfa a can tsakiya."

"Na ƙetare wanda ya fi wannan."

"Ba da jaririya ba. Kana da rigar hana nutsewa daidai ita?"

Ya ci gaba da gangarawa.

"Ka sha, Yaya. Na ji warin."

"Koma ka wanke kwanoninka."

Ban koma ba. Ina binsa ina magana, ban ma san me nake cewa ba. Duwatsu suna da santsi, silifas ɗaya ya zame, na mayar na ci gaba.

Ruwa ya janye sosai a yammar nan. Daga kan gadar zuwa ƙasa ya fi tsayin mutum, sai ta tsanin ƙarfe da gansakuka ta lulluɓe. A ƙasa ƙaramin kwale-kwale mai inji yana hawa yana sauka, yana bugun ginshiƙi.

Akwai mutum a ciki. Zaune a tsakiya, da bargo a cinya, an ɗaure kai da gyale.

Ta ɗago fuska.

Mamarmu ce. Mama Aslaug, wadda ta koma gari wurin ƙanwarta bayan rasuwar Baba, wadda na kira ranar Lahadi ta ce mini ƙafa ta hana ta ko zuwa kanti.

"Mama?"

"Eilif, ina rigarka? Haka ka fito cikin sanyin nan?"

"Mama, me kike yi a nan?"

"Jikata na zo ɗauka."

"Ke kika gaya masa lokacin barcinta."

"Ni na gaya masa. Jika ɗaya gare ni. Yayarka za ta ɗauke ta zuwa inda ƙafata ba za ta taɓa kai ni ba, in mutu ban ji ta kira sunana ba. Kwana biyu kawai za ta yi a wurina, har a zauna a yi magana kamar mutane."

"Mama, ya sha giya."

"Ɗan kaɗan ne, saboda sanyi. Babanku ma yana yi."

Igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalen ta maka shi da ginshiƙi. Mama ta kama gefe da hannu biyu, bargon ya zame cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin.

Torgrim ya jefa jakar kayan ƙasa. Ya juya baya zai sauka, ya sa ƙafa ɗaya a matakin farko. Ƙafar ta zame. Ya dawo da ita da sauri, ya tsaya yana huci. Ya kalli tsanin, ya kalli Tuva. Ya sake gwadawa da hannu ɗaya, tsanin ya yi lilo.

"Ba za ka iya da ita a hannu ba," Mama ta ce daga ƙasa. "Ba wa Eilif. In ka sauka ya miƙo maka."

Torgrim ya kalle ni, kallo mai tsawo.

"Ba shi mana," Mama ta ce. "Eilif ne fa. Tunda na haife shi bai taɓa ce mini a'a ba."

Ya ɗora mini ita a hannu.

Ɗuminta ya ratsa rigata. Ta cusa fuska a wuyana, ta kama kwalata da 'yan yatsunta, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gama kuka.

Torgrim ya sauka mataki-mataki har ya dira cikin kwale-kwalen. Ya gyara tsayuwa, ya ɗago hannu biyu sama.

"Miƙo ta."

Na kalli hannayen. Na kalli baƙin ruwan da ke tsakanin jirgin da ginshiƙi, yana buɗewa yana rufewa.

"Eilif," Mama ta ce. "Ɗan albarka. Miƙa masa."

Na ja da baya taku ɗaya.

"Eilif. Da kai nake."

"A'a, Mama."

Na juya na kama gudu. Ba gida na nufa ba, na nufi tudu, inda nake hango fitilar maƙwabta ƙarama a can sama. Mama tana kiran sunana, iska tana yanke shi.

A bayana, tsanin ƙarfen ya fara ƙara.